Bashin Tsaraba da Kazar Asabar

Ku 'yan koyon aikin da aka turo mana bana, na ji abin da ɗayarku ta faɗa a wajen shan kofi, wai aikin nan ai lissafi ne kawai, a cire abin da ya fita daga abin da ya shigo, kuma wayar hannu ma tana yin sa. Ban tanka mata ba, don bakina cike yake da biskit. Amma tunda ina shirin ajiye aiki, kuma an ce in bar muku wani abu a rubuce, to ga shi. Sunana Rakiya, 'yar Damagaram ce ni, kuma a kan kujerar nan na yi furfura ina taimaka wa magidanta su fita daga bashin kati ba tare da gidansu ya koma gidan makoki ba.

Ba da wannan niyya na zo Faransa ba. Miji na biyo Paris, yana tuƙi a wata hukuma ta ƙasa da ƙasa, ni kuwa zaman gida ya ishe ni. Sai na ji wata ƙungiya a Bobigny, mai taimakon iyalai kan kuɗin gida, tana neman wadda za ta riƙa fassara Hausa. Wadda ta ɗauke ni wata Bafaranshiya ce, Madam Odil, gajeriya, mai faɗa, mai kirki. Ita ta koya mini aikin, ita kuma ta tasa ni gaba da mita har sai da na yi karatun yamma na samu takardar shaida.

Fitata ta farko da ita, wani gida muka je a Clichy-sous-Bois. Asansar, na'urar hawa bene, ya lalace, muka hau bene da ƙafa har numfashi ya ƙare. Muna zama, kafin a fito da takarda ko ɗaya, Madam Odil ta ce da matar gidan don Allah a ba ta ruwan sanyi, ta kuma tashi ta bi ta har kicin tana yi mata hira. Na ji kunya ta kama ni, baƙuwa da bin mutane kicin. Da muka sauko ta tambaye ni me na gani a cikin firigon, wato firij. Na ce ban duba ba. Ta ce to ban fara aiki ba tukuna. Takardar banki tana gaya maka abin da aka kashe, firigo kuwa yana gaya maka yadda ake rayuwa. Wancan firigon babu komai cikinsa sai madarar jariri da rabin albasa, ga kuma katon kek na ranar haihuwar yaro. Daga nan ta san abin da matar za ta yarda a taɓa da abin da ba za ta yarda ba. Har yau ban shiga gidan kowa ban nemi ruwan sanyi ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai kalkuleta mai manyan maɓallai, wadda nake juyawa ta fuskanci mai bashin don ya danna da hannunsa, saboda mutum ba ya musu da abin da yatsarsa ta fitar. Akwai ambulan, farare, na banza. Akwai almakashi. Akwai butar shayi, da kwalin hankicin takarda da nake ajiyewa a gefe, ba a tsakiyar tebur ba, don kada mutum ya ga kamar jira ake ya yi kuka. Kwamfutar da kuke taƙama da ita ta zo daga baya, kuma ban ƙi ta ba, tana da sauri. Sai dai ba ta iya yin shiru a lokacin da ya kamata.

Katin da ya fi cin mutanenmu ba na banki ba ne, na manyan kantuna ne. Ka je sayen injin wanki, yarinyar da ke wurin biya ta yi maka murmushi ta ce ka biya sau huɗu ba ƙari. Mutumin kirki mai gudun kuɗin ruwa ya ji an ce ba ƙari, ya yi hamdala, ya sa hannu. Injin kam ba ƙari. Amma katin ya samu wurin zama a aljihu, kuma abin da aka saya da shi bayan nan ruwa yake haifa. Abin da suke cira duk wata kaɗan ne, ba ya zafi, kuma da ka biya wani abu sai su sake buɗe maka shi ka ci. Haka mutum zai shekara yana biya, ya waiwaya ya tarar da bashin yana zaune inda ya bar shi.

Da mai gidana ya ajiye tuƙi muka bi 'yarmu Lyon, na kama aiki a nan Rillieux-la-Pape. A nan na haɗu da Malam Isufu, kuma labarinsa nake so ku riƙe, don duk abin da na sani game da aikin nan yana cikinsa.

Matarsa Hadiza ce ta kawo shi, kuma da ka ga tafiyarsa ka san kawo shi aka yi. Dogon mutum ne, kamili, direban motar da ke kai nama da kayan lambu gidajen abinci a cikin Lyon. Da ya ji ni 'yar Damagaram ce sai ya ƙara sunkuyar da kai, don ya so a ce Bature zai gaya wa asirinsa, wanda bai san kowa nasa ba. Muka gaisa, muka tambayi gida da yara da aiki da sanyi, har shayi ya huce. Sannan Hadiza ta ɗora wata leda a kan tebur, cike da wasiƙun kantuna, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Kati uku ne.

Ya zo da tsarinsa a ka. "Hajiya, na riga na yi shawara," in ji shi. "Kazar da muke saye ranar Asabar, an daina. Gilas, askirim ɗin nan da yara ke sha in mun fita yawo, an daina. Ƙwallon da yaran ke zuwa, a cire su. Ko sukari a shayi ni na haƙura."

"To madalla," na ce. "Iskar da kuke shaƙa fa, ita ma za a rage?"

Hadiza ta rufe baki da gyale. Shi kuwa ya dube ni kamar bai ji daidai ba.

"Malam Isufu, bashin nan ba na wata uku ba ne, na shekaru ne. Ba gidan da zai yi shekaru ba daɗi. In ka hana kaza yau, wata biyu za ka daure, na uku ka ga idon yaranka, ka ɗauki katin ka kai su babban kanti ka huce haushi. Na ga masu ƙarfin hali da suka fi ka sun yi haka. Kaza tana nan."

Wannan shi ne abin da sababbin shiga ba sa ganewa. Kuna ganin jerin kashe-kashe, hannunku na rawa ku soke duk abin da ba dole ba. Ai abin da ba dole ba shi ke riƙe mutum a kan hanya. Abin da nake soke wa mutane shi ne wanda ba sa jin daɗinsa ma: inshorar waya da ba su san suna biya ba, tashoshin talabijin da ba mai kallo, kuɗin wurin motsa jiki da aka je sau ɗaya aka ɗauki hoto. A gidan Isufu irin waɗannan kaɗai sun biya kaza har da dankalinta.

Da na zauna na bi takardun ɗaya bayan ɗaya sai na ga abin mamaki. Mutanen nan ba masu almubazzaranci ba ne. Kusan dukan bashin a bazara ɗaya aka ci shi, cikin 'yan makonni: turare, agogo, takalman yara iri-iri, man shafawa, sabulu katan-katan, wayoyin hannu, manyan baliz, wato akwatunan tafiya, ga kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi. Ban buƙaci a fassara mini ba. Tsaraba ce. Duk wanda ya taɓa komawa gida daga Turai ya san ta. Ba ka shiga gari hannu rabbana, kowa da ke da dangantaka da kai, har maƙwabcin da ya taɓa ɗaukarka kana jariri, yana da rabo a cikin baliz ɗinka.

Na tambaye shi yaushe rabonsa da gida. Ya ce tun wannan zuwan. Autansu a lokacin ba a haife shi ba, ga shi yanzu har ya shiga lakwal, ya zama ɗan makaranta.

"Tsohuwa fa?" na ce.

"Inna tana lafiya, muna waya duk Juma'a. Kuɗin tikiti ba shi ne matsala ba, Hajiya, da za mu iya tarawa. Amma in je da me? In gama biyan wannan tukuna, in tara na wata tsarabar. Ita ma ba ta matsa ba, ba ta taɓa cewa in zo ba."

Hadiza ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai. Na ce, "Malam Isufu, kai ne ɗan farinta?"

Ya ce shi ne.

"Ta taɓa kiran sunanka?"

Ya yi murmushi ya ce a'a, ai ko a waya sai dai ta ce a ba ta yaran.

"To matar da kunya ba ta bar ta ta kira sunanka ba, ta ina za ta buɗe baki ta ce maka tana son ganinka?"

Nan Hadiza ta yi magana, a hankali. Ta ce ƙanwar Malam ta gaya mata idon Inna ya fara yana, ɗaya ya riga ya rufe, ɗayan ma yana bi. An hana a gaya masa don kada hankalinsa ya tashi. Isufu ya kama kalkuletar yana juya ta a hannu. Ni kuwa na tashi na sake ɗora ruwan shayi, na daɗe ina neman sukarin da na san inda yake. Daga ranar aikin ya canza. Ba bashi kawai muke biya ba, tsere muke da idon tsohuwa, ya je ta gan shi ta ga autan tun tana gani.

Muka raba albashinsa da ɗan abin da Hadiza ke samu a aikin shara a ofisoshi cikin ambulan. Haya ita ce gaba da komai, wannan ku rubuta shi a goshinku: mai kati zai yi ta aiko wasiƙa mai jan rubutu, amma mai gida shi ke iya fitar da kai waje. Sai abinci da wuta. Sai kati. Sai ambulan ɗin tikiti. Na ƙarshe na miƙa wa babbar 'yarsu Nana, wadda ta rako su zuwa na biyu, na ce ta rubuta masa suna. Ta rubuta "Asabar" da manyan baƙaƙe, ta zana kaza a gefe mai kama da agwagwa. Na ce kuɗin da ke ciki ba mai taɓa shi don biyan bashi, ko ubanta ne. Ta dubi uban ta ce, "T'as entendu, Papa?" Ya ce ya ji, kuma a yi masa Hausa.

A makaranta an koya muku a fara da katin da ya fi ruwa, kuma a lissafi gaskiya ne. Ni da ƙaramin na sa suka fara. Mutumin da ya shekara yana biya bai ga ƙarshen komai ba, abin da yake buƙata shi ne ya ga abu ɗaya ya mutu a gabansa. Kafin sanyi ya fita ƙaramin katin ya ƙare. Suka zo gaba ɗayansu, na fito da almakashi. Ba ni nake yankawa ba, ban taɓa yanka katin kowa ba, wanda ya ci bashin shi ke yi. Isufu ya yi bisimilla kamar zai yanka ragon layya, yara suna dariya. Kuma ku lura, yanka kati ba ya rufe asusun. Sai an rubuta musu wasiƙa an ce a rufe, in ba haka ba bayan wata biyu sabon kati zai iso cikin ambulan mai kyau, da gaisuwa. Muka rubuta a take, suka jefa a akwatin gidan waya, suka wuce bakin kogi shan gilas.

Sai shekarar nan ta zo, wadda cuta ta sa aka kulle kowa a gida. Ku kuna 'yan makaranta a lokacin, ƙila abin da kuka tuna shi ne karatu ta waya cikin rigar barci. Mu a nan ba mu taɓa ganin shekara irinta ba. Gidajen abinci suka rufe, motar Isufu ta tsaya, albashinsa ya ragu. Ofisoshi suka rufe, sharar Hadiza ta tsaya cak. Jirage ma suka daina tashi. Ni kuwa daga kicin ɗina nake aiki, waya a kunne tun safe, har gaisuwa sai da na koyi gajarta ta, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Masu kati kuma ba su kulle ba. Kullum saƙo yana shigowa wayoyin mutane: akwai kuɗi suna jiranka, danna nan. Akwai iyalan da na yi shekaru ina tallafe da su da suka danna, kuma ban ga laifinsu ba. Wani gida ɗaya har hayarsu ta gagara daga baya, suka koma wurin dangi. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, har yanzu ba na son bi ta gaban benen.

Isufu ya kira ni wata ranar Laraba, murya ƙasa-ƙasa, daga kan baranda don kada yara su ji. "Hajiya, haya ta zo, ba ta cika ba. Ga saƙon mutanen nan. Sau ɗaya kawai."

"Kada ka danna. Buɗe ambulan ɗin tikiti."

Na san abin da ke cikin ambulan ɗin nan a wurinsa, kuma na san me nake ce masa ya yi. Na ce, "Jirgi ba ya tashi yanzu ko kana da kuɗin. Tikiti za mu sake tarawa. In ka danna, shekara biyu ka ƙara wa kanka."

Ya buɗe. Ni kuma na kwashe mako ina fama da masu katin biyu da suka rage, ina jiran layi ana sa mini kiɗa, har suka yarda a ɗage biya na 'yan watanni. Wannan ma aiki ne da ba a koyar da shi: yadda za ka yi magana da yaron da ke ɗaya gefen wayar, wanda shi ma karanta takarda yake, har ya miƙa ka ga wanda ke da ikon cewa to. Ba a yi masa faɗa, ba a kuma roƙonsa. Ana gaya masa abin da za a iya biya da ranar da za a fara, a maimaita har ya gaji.

Ambulan ɗin Asabar ya rame amma bai mutu ba. Gasasshiyar kazar kanti ta koma cinyoyi da Hadiza ke gasawa a gida da yaji. Gilas ya koma zoɓo da Nana ke zubawa a ƙananan kofuna ta daskarar. Sun aiko mini da hoto, kowa baki ja wur, har uban. A shekarar nan hotuna irin wannan su suka riƙa tashe ni da safe.

Da duniya ta buɗe, motar Isufu ta koma hanya, har da ƙarin aiki. Kati na biyu ya sha almakashi. Na ukun ya rage kaɗan. Ambulan ɗin tikiti ya sake yin ciki, kuma na sa suka sayi tikitin bazara tun cikin sanyi, lokacin da yake da sauƙi. Na ce to alhamdu lillahi, mun iso. Ashe da saura.

Ana saura 'yan makonni tafiya sai ga Isufu da Hadiza a ofis, fuskarsa a murtuke. Wai ya yi tunani, a mayar da tikitin, a bari sai baɗi. Ya fara lissafo mini mutane: baffanni, gwaggwanni, 'ya'yan ƙannensa, surukai, limamin unguwa, abokan da suka yi lakwal tare. "Shekara nawa ban zo ba, Hajiya, sannan in shigo da baliz ɗin tufafina kawai? Ba ni za a zaga ba, Inna za a yi wa dariya. A ce ɗanta yana Faransa." Ya ce ko dai a ɗage, ko a buɗe kati ɗaya, na ƙarshe, ya rantse.

Raina ya ɓaci, na kuwa gaya masa. Na ce idon tsohuwa ba ya jiran baɗi. Amma na san bai yi ƙarya ba, maganar mutane a gida ba wasa ba ce, kuma kalkuleta ba ta da amsarta.

Hadiza ce ta buɗe jakarta ta fito da takalmin autansu, ta kifa shi a kan tebur. "Yaya Rakiya, karanta mini nan. Ina aka yi shi?"

Na ce Sin.

"To wanda ke kasuwar Damagaram fa, ina aka yi shi? Agogon da muka kai wa Baffa wancan zuwan, na ga irinsa sak a rumfar bakin tasha, kuɗinsa bai kai sulusi ba. Sabulun ma akwai. Mun ɗauko kaya daga nan, mun biya kuɗin nauyi, mun kai su garin da suke jibge. Abin da babu a can guda ɗaya ne." Ta nuna ledar da ta zo da takardu a ciki, mai ɗauke da sunan wani babban kanti. "Wannan."

Isufu ya ce, "Haba Hadiza, ai wannan yaudara ce."

"Malam, wa zai ce an saya a Faransa? Kai dai ka miƙa. Daga hannunka ya fito, kai kuma daga Faransa ka fito."

Suka juyo suna kallona, wai in yanke hukunci. Na ce ni ma'aikaciya ce, wannan magana ban ji ta ba. Washegari na kwaso duk ledoji da jakunkunan takarda da na tara a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na kai musu. Abokan aikina Turawa da suka ji labari suka shiga kawowa, wata har da jakar wani kantin turare mai tsada da ta adana tun bikinta. Nana ta bi na takardar da dutsen guga, ta jera su a ƙasan baliz. Ba su da nauyi, ba a biya ko sisi na ƙarin kaya ba. Aka tura wa ƙanin Hadiza ɗan abin da aka ware, ya yi sayayyar a kasuwar can, ya ajiye a gidansa. Abu ɗaya Isufu ya kafe a kai, na Inna a nan za a saya. Ya sayo mata bargo mai laushi da kuɗin hannu, na kuwa sa masa albarka.

Sun dawo ana gab da komawa lakwal, sun yi baƙi sun yi ƙiba. Hadiza ce ta zo ta ba ni labari, Isufu yana wurin aiki. Ta ce sun sauka gidan ƙaninta suka cika ledojin, sannan suka wuce gidan Inna. Idon Inna ɗaya yana gani har yanzu, dishi-dishi. Ta kama fuskar autan ta kawo dab da tata, ta daɗe tana dubawa, ta ce kunnuwan kakansa ne. Ɗanta kuwa da ya durƙusa gaishe ta, ta kawar da kai gefe ta amsa a gajarce, kamar jiya ya fita. Amma Hadiza ta ce duk inda ya gifta a tsakar gida, wannan ido ɗayan yana biye da shi.

Da yamma aka jibge tsarabar a gabanta, don ita ke rabawa. Ta jawo leda ta farko, ta shafa ta, ta zaro sabulu ta kai hanci. Hadiza ta ce sai a lokacin ta tuna mai rumfar da aka sayi sabulun yana sayar da kanumfari da citta, komai na shagonsa ƙanshinsu yake, kuma a wurinsa Inna ke sayayya tun Isufu yana goye. Tsohuwa ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta mayar cikin ledar. Ta raba kaya tsaf, wannan na wane, wannan na wance, kowa ya karɓa yana sa albarka. Sai dai duk wanda ta miƙa wa, takan ce ya juye kayansa a zane ya bar mata ledar, ita tsohuwa ce, tana da abin zubawa.

Ranar da za su taso, an fitar da baliz, Isufu yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta yana jiran su yi sallama. Ba ta dube shi ba. Sai ta kira Nana, ta riƙe hannunta.

"Ke, ki gaya wa ubanki," ta ce, "ledojin nan suna ƙarƙashin gadona, na ninke su, ba abin da ya same su. Sabulu kuma yana nan kasuwa, ba ya ƙarewa. Baɗi ba sai ya ɗauko komai ba."

Hadiza ta ce Nana ta juya za ta maimaita masa, ta tarar ba ya wurin. Ya fita waje, wai zai duba ko an ɗaure kaya da kyau a kan mota.